Wa Zai Yi wa Damargu Bayani?

Kilomita 50 da 'yan kai arewa da birnin Damagaram, a kan hanyar Tanut da Agadas, nan matatar man SORAZ take, cikin ƙasar Ollelewa, ba nisa da Bakin Birji. Ranar 28 ga Nuwamban 2011 aka buɗe ta. An gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuwa ta bututu yake zuwa tun daga Agadem, tafiyar fiye da kilomita 460. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Duk faɗin Damargu babu inda masu ilimin kimiyya suka taru kamar cikin wannan katanga. A bayanta kuma ga manomin hatsi, ga makiyayi yana ratsawa da bisashensa zuwa wajen Belbeji, ga mace tana jan guga. Su ma da tambayoyinsu, kuma na kimiyya ne ko da ba su kira su haka ba. Wutar nan da ke ci a kan dogon ƙarfe, me take ƙonewa? Hayaƙin ina yake sauka? Ruwan da matata ke sha daga ƙarƙashin ƙasa, ɗaya yake da na rijiyarmu?

Ban kawo tambayoyin don in yanke hukunci a kan matatar ba. Abin da ya dame ni shi ne masu amsa su. Direban tasha yana amsawa. Ɗan siyasa yana amsawa, amsar tasa kuma tana sauyawa gwargwadon ko jam'iyyarsa na ciki ko tana waje. Mai saƙon murya a WhatsApp yana amsawa, da rantsuwa. Wanda ba a ji shi ne saurayi ko budurwar da suka shekara biyu ko uku suna ɗibar ruwan rijiyoyi a kwalba suna kai wa ɗakin awo, suka kare kundinsu gaban malamai, aka yi musu tafi, aka ɗauki hoto, kundin ya shige kabad. Wasu masana biyu daga Jamus, Jannik Schritt da Nikolaus Schareika, sun bi diddigin cacar bakin da aka yi kan man fetur a gidajen rediyon Damagaram lokacin buɗe matatar, suka nuna yadda zancen mai ya zama makamin zargi da neman rabo a hannun 'yan siyasa da 'yan ƙungiyoyi. A 2018 suka buga binciken, da Ingilishi. Wato har nazarin gardamarmu ma, ba a harshen da aka yi gardamar ya fito ba.

Wannan shirun ya taɓa yi mana tsada, kuma a nan Damargu aka yi abin.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango kuma suka sauka a gonakin arewa. Hukuma ta ƙiyasta giɓin cimaka da kimanin tan 223,000. Kafin watan Yulin 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya taɓa jika 30 a kasuwanni da dama, abin da a kaka bai kai rabin haka ba. Cikin wannan wata hotunan da wakiliyar BBC Hilary Andersson ta aika daga Nijar suka tayar da hankalin duniya. Jiragen agaji suka fara sauka. A watan Agusta Kofi Annan da kansa ya zo Damagaram. Shugaba Tandja Mamadou shi kuma ya ce wa BBC babu yunwa a ƙasarsa, mutanensa ba su yi kama da mayunwata ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF a nata gefen ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi, inda hatsi bai fi ƙaranci ba. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a tambaya.

Sai ga maganar anza. Baƙin 'yan jarida sun ga mata suna jiƙa ƙwayar anza kwana da kwanaki suna sauya mata ruwa don ɗacin ya fita, sun ga ana tsinkar ganye, suka kai rahoto cewa yunwa ta kai mutane ga cin 'ya'yan daji da ganyen itace. Iyalan Garvi, waɗanda tun ƙarshen shekarun 1980 suke aikin itatuwan abinci na daji a tashar Eden da ke Dalli kusa da Tanut, suka ce wannan ai abincin mutanen yankin ne tun kaka da kakanni. A 2008 gidan talabijin na TV 2 na ƙasar Norwe ya fitar da fim yana zargin cewa an kambama yunwar. BBC ta musanta. Aka yi ta ja-in-ja tsakanin Landan da Oslo kan abin da macen Damargu ke zubawa a tukunyarta.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakinta. Anza abinci ce, ba yau aka fara cin ta ba, har yanzu ma kamfanin Sahara Sahel Foods na Josef Garvi yana sarrafa ta a Damagaram yana sayarwa. Amma gidan da ya wayi gari da anza ya kwana da anza a tsakiyar damina, lokacin da magidanci ke buƙatar ƙarfin noma, wannan gida yana cikin wani hali. Bambancin da ke tsakanin cin anza don marmari ko ƙari da cin ta don rumbu ya ƙare, duk ɗan Ollelewa ya san shi. Wanda ya haɗa wannan sani na gida da karatun ilimin abinci zai warware maganar cikin minti uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a 2005 ba mai ɗakin aka miƙa wa makirfo ba.

Ba kuma don an rasa bincike ba ne. Bayan abin ya lafa, cibiyar LASDEL ta Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, ta tura masu bincike garuruwa bakwai su zauna da mutane su ji yadda suka ga shekarar: Bambey, Rumbu, Madarunfa, Gidan Runji, Tirmini, Tondikiwindi, da Ollelewa. Abin da suka dawo da shi ya fi rahoton baƙi da musun hukuma amfani nesa ba kusa ba. Sun nuna cewa gidaje da yawa sun daɗe da daina rayuwa a kan hatsin gonarsu kaɗai. Kuɗin 'yan bida da ke Najeriya da Libiya, da sayar da akuya, da ƙwadago, su ne ke kai gida zuwa kaka. Saboda haka tsadar kasuwa ce ta karya mutane fiye da ƙarancin girbi. Sun nuna cewa tamowar yara ba baƙuwa ba ce, kowace shekara tana nan, kyamara ce ta zo a waccan shekara. Sun kuma nuna yadda rabon agaji ya haifar da zargi da dabarun shiga jerin suna. Tsofaffin da suka ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 a bakin iyayensu, suka kuma ga El-Buhari ta 1984 da idonsu, suna da ma'aunin da suke auna shekara da shi, ba sai an koya musu ba. Wannan aiki ya fito tsakanin 2006 da 2008, da Faransanci, wani sashensa a mujallar Afrique contemporaine da ake bugawa a Faris. Aiki ne nagari, ban rage shi da komai ba. Sai dai lokacin da ya fito an riga an naɗe tabarmar gardamar, mutanen da aka zauna a zaurukansu kuma akasarinsu ba za su iya karanta shi ba.

Wasu za su ce yaran namu ne masu kunya, ko ba su iya magana ba. Wanda ya taɓa zama a fadar samarin Damagaram ana shan shayi ya san ba haka ba ne. Shirun gina shi aka yi, kuma ana iya nuna tubalansa.

Malamin jami'a a Nijar, kamar na sauran ƙasashen da ke cikin hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu, yana hawa daraja ne da abin da ya buga a mujallun masana da ɗaliban da ya yaye. Awa ɗaya da ya yi a gidan rediyo yana yi wa makiyaya bayanin cutar huhun shanu ba za ta matsar da shi ko taku ɗaya ba. Matashin da bai ma sami gurbi ba tukuna, yana ɗan koyarwar wucin gadi ana biyan shi in an ga dama, lissafinsa mai sauƙi ne: abin da ba ya ƙara masa komai kuma yana iya jawo masa fushin wani, me zai kai shi?

Fushin kuwa daga kusa yake farawa. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya riga babba magana ba, kuma ban ga laifin wannan a zaure ba. A jami'a sai abin ya haɗu da wani iko na daban, domin babban nan shi ne mai sa hannu a kundinka, shi ne zai zauna a kwamitin ɗaukarka aiki. Ɗalibin da aka ji muryarsa a rediyo kafin a ji ta malaminsa, washegari sai an tare shi a baranda: "To, malam, an zama farfesa ke nan?" Da dariya ake faɗa. Ba ya sake komawa.

Sai tsoron da ya fi wannan girma. A watan Yunin 2024 aka sake gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa bayanan da ake ganin za su iya tada hankalin jama'a, bayan an cire ɗaurin kan ɓata suna a 2022. An dakatar da RFI a Agustan 2023, BBC kuma a Disamban 2024. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, dole ya yarda cewa matashin da awonsa ya nuna giɓin ciyawa a Belbeji, ko gishiri ya yi yawa a wata rijiyar burtsatse, zai tauna maganar sau bakwai. Amma adadin ciyawa ba ɗan adawa ba ne. Mutanen Tibiri ta Gobir sun san kuɗin shiru: tun tsakiyar shekarun 1980 garin ke shan ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid, sai wajen 2000 maganar ta fito fili, bayan haƙoran yara sun rine, ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu sun lanƙwashe. Awo ne da ba ya ɗaukar yini guda a ɗakin gwaji.

Akwai kuma harshe. Yaron da ya shiga lakwal yana ɗan shekara bakwai, daga ranar duk abin da ya koya na kimiyya da Faransanci ya koye shi. Hausarsa ta ciniki da barkwanci da gaisuwar surukai tana nan daram, amma bai taɓa gwada ta a kan aikinsa ba ko sau ɗaya. In an sa shi gaban makirfo sai ka ji rabi da rabi, jimla ta fara da Hausa ta ƙare a Faris. Abdou Moumouni, masanin hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu. A 2025 kundin sabunta ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Takarda ta yi nata. Saura a ga ɗalibin ilimin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya tsaya ya bayyana yadda ruwa ke tafiya cikin yashi da dutse da Hausar da kakarsa za ta gane. Kuma a Damargu Hausa ba ita kaɗai ba ce; mai son makiyayi ya ji shi, sai ya nemi mai Tamashek da mai Fulatanci da mai Barbarci su tsaya kusa da shi.

Abin da ke hana ni yanke ƙauna shi ne an taɓa yi a ƙasar nan, kuma ya yi. Tsutsar zangarniya, wadda manoma ke kira murzuna, tana iya cinye rabin gona a shekarar da ta yi yawa. Farfesa Ibrahim Baoua na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da abokan aikinsa na cibiyoyin binciken noma na INRAN da ICRISAT, sun yi shekaru suna aiki da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. Ana kiwon ƙwaron a ɗaki, a sa shi cikin 'yan buhunan algarara da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kai, a rataya a gonakin gari lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Ka dubi abin da ake nema manomi ya yarda da shi: a kawo masa ƙwari a buhu a sake a gonarsa, kuma a ce kada ya yi feshi don kada ya kashe su. Babu maƙalar mujalla da za ta shawo kan mutum a kan wannan. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata ne suka yi ta zama a gindin itace, suna fasa zangarniya suna nuna tsutsar da ta mutu, suna amsa tambaya ɗaya sau ɗari. Haka aka yi da buhun PICS mai ninki uku na ajiyar wake ba tare da magani ba: a ɗaure buhu gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance gaban jama'a, rediyo kuma tana ta faɗa. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma tana da layin waya da manomi zai kira ko ya aika hoton ganyen da ya lalace, a ba shi amsa da harshensa.

Ko rediyon karkara da muke taƙama da ita, masana ne suka haife ta. Tashar farko ta Bankilare, a 1999, da hannun cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD aka kafa ta, don labarin ruwan sama ya kai ga makiyaya. Kafin nan ma, tun 1962, akwai ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda ake tara mutanen gari su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar Yamai a sa a iska. Iyayenmu sun gane tun lokacin cewa bayani hanya biyu gare shi. Yau ga Studio Kalangou tun 2016 tana shirya labarai da harsuna biyar tana raba wa tashoshin ƙasa, ga Anfani da sauran tashoshin Damagaram. Bututun yana nan. Abin zubawa ne ya yi ƙaranci.

Inda aka fi buƙatar matashin masani, a nawa ganin, shi ne hasashen damina, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Damargu bakin iyaka ce. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a wannan yanki ta ratsa, inda ruwan shekara ke wajen milimita 350 ko ƙasa da haka. Ƙasar da a da ayarin Abzinawa ke saukowa su sayi hatsinta, yau manominta yana yin binne cikin busasshen yashi yana jiran ruwan farko, in ruwan ya zo ya tsaya kwana ashirin iri ya tafi. Kowace shekara wajen watan Afrilu masana na AGRHYMET da ACMAD da hukumomin yanayi na ƙasashe suna taruwa su fitar da hasashe. A 2024 a Abuja suka zauna, suka ce ana sa ran ruwa mai yawa a Sahel da haɗarin ambaliya. Haka kuwa aka yi. Mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, tsohon masallacin Birni na Damagaram da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Tsakanin Afrilu da Agusta akwai wata huɗu. Gidan ƙasa nawa aka yi wa yaɓe saboda wani ya ji hasashen ya kuma yarda da shi?

Wahalar ita ce hasashen ba alkawari ba ne. Rinjaye yake nunawa, kuma na yanki mai faɗi ne, ba na gonar wane ba. Ana iya cewa damina za ta yi kyau a jihar Damagaram, ta kuma yi kyau, amma hadari ya yi ta tsallake wani gari a arewacin Ollelewa har hatsi ya ƙone. Matashin da ya shiga rediyo ya ce "bana ruwa zai yi yawa" ya yi shiru, to ranar da gonar wani ta bushe ya zama maƙaryaci, shi da duk mai irin karatunsa. Wanda aka horar zai ce: "Baba, alamun da muka auna a teku da iska sun fi karkata ga ruwa mai yawa. Ba mu ce tabbas ba, sanin gaibu sai Allah. Amma da ni ne, sai in gyara indararo, in raba irina biyu, kada in binne shi duka rana ɗaya." Manomi ya fi kowa sanin zama da rashin tabbas, a cikinsa aka haife shi. Abin da ba ya yafewa shi ne a yi masa cika baki. Wannan iya magana ita ce ba a koyarwa a kowane aji, kuma ita ce ta raba masani da mai maganin gargajiyar da ke yawo da lasifika a kasuwa yana warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya.

Na san abin da wasu manyan malamai za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: yaro bai gama dahuwa ba, in aka sake shi zai faɗi abin da bincikensa bai kai ba, ya ja wa jami'a abin kunya. Yana faruwa. Akwai masu digiri sabo da Facebook ya ruɗa, suna fatawa a kan kowane fanni tun daga taurari har ciwon suga. Sai dai in an duba ɓarnar da aka yi wa amanar kimiyya a shekarun nan, ba yara ne suka fi yin ta ba. Didier Raoult na Marsai, wanda ya cika duniya da zancen kulorokin a 2020 har mutanenmu suka yi ta wawasonsa a kantunan magani, babban farfesa ne mai furfura, kuma a ƙarshen 2024 mujallar da ta buga binciken nasa ta janye shi. A Kano kuma, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, tsoron mutane yana da tushe a gwajin maganin Trovan na 1996. Abin da aka rasa shi ne isassun masana 'yan gida da jama'a suka saba jin muryarsu tun kafin rikici, waɗanda za su raba gaskiyar abin da ya faru da jita-jitar da aka ɗora a kai. Amana ba ranar gobara ake gina ta ba. Maganin ɗanyen kai shi ne a sa shi ya yi ta yi a gaban wanda zai gyara masa.

A Ingila akwai masu tara ɗaliban digiri na uku da 'yan jarida a ɗaki ɗaya su yini suna yi wa juna tambayoyi, kowa ya ji abin da ke ba ɗan'uwansa haushi. Gasar bayyana kundin digiri cikin minti uku, wadda Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara a 2008, ta shigo ƙasashe masu Faransanci har da namu. Duk suna da kyau. Amma ina tsoron yadda muke karɓar irin waɗannan abubuwa: taron bita na kwana uku a otal a Yamai, jaka da biro, kuɗin zama, hoto, a watse. Gasar minti uku da Faransanci gaban alƙalai masu kwat ba ta kai ko Tirmini ba, balle Tanut. A yi ta da Hausa, a sa sarkin noma da ungozoma da wakilin makiyaya cikin alƙalai, a ga wanda zai ci.

Taimakon da matashi ke buƙata ya fi wannan arha, ya kuma fi shi wuyar bayarwa, don daga hannun manya zai fito. Malaminsa ya raka shi gidan rediyo karon farko, ya gabatar da shi da bakinsa, ya ce wannan ɗalibina ne, a kan wannan magana ya fi ni sani, sa'an nan ya yi shiru. Wannan jimla ɗaya ta kashe maganar baranda. In magana ta jawo ƙura, shugaban jami'a ya fito ya ce awon namu ne, mu za a tambaya. Jami'o'in Damagaram da Maraɗi ba sai sun jira Wagadugu ba kafin su sa bayani ga jama'a cikin abin da suke dubawa wajen ɗaukar sabon malami. 'Yan jarida su ma da nasu: wakilin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, wanda ya saba sai an ba shi kuɗin mota kafin ya ɗauki magana, ba zai bi ɗalibin da ba shi da ko dala ba. Tashar da ta ware rabin awa a mako, ta haɗa ɗan jarida ɗaya da ɗaliban sashe ɗaya har tsawon damina, a buɗe waya mutane su kira, za ta ga masu sauraro. Fadji Maina, 'yar Damagaram da ƙarancin ruwan garinsu ya sa ta karanci ilimin ruwa har ta kai hukumar NASA a 2020, kowa ya yi alfahari da ita a rediyo. Masu irin karatunta da ke nan gida, suna hawa kabu-kabu zuwa jami'a, su ma a kira su.

Mutanen Ollelewa kuma suna da abin yi, ba sai sun jira kowa ba. Duk mai binciken da ya sauka, ɗan ƙasa ko baƙo, sai ya bi ta ofishin komin, sai ya gaida sarki, sai mai gari ya haɗa shi da wanda zai zaga da shi. A nan ne za a tambaye shi, cikin mutunci, ranar da zai dawo ya faɗi abin da ya gano, da harshen da zai faɗe shi, a rubuta a takardar izinin. Masu ba da kuɗin bincike ba sa ƙin biyan man mota na zuwa ɗibar bayanai. A sa na komawa cikin kasafin tun farko, tare da kuɗin awa ɗaya a rediyo mafi kusa. Jami'a kuma kada ta miƙa takardar shaidar digiri sai ɗalibi ya kawo sa hannun mai garin da ya yi aiki a cikinsa, cewa ya dawo, an tara mutane maza da mata, ya yi bayani, an yi masa tambayoyi.